Da Hannuna Na Zana Musu Hanya

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu bin labarina. Kwana tara ban rubuto komai ba. Na ga saƙonninku, masu tambayar ko lafiya, da masu tsokanar cewa an sa rana ne na manta da ku. Ba a sa rana ba. Lafiyar jiki kam akwai ta. Sauran ku karanta ku yi mini hukunci, don ni kaina ya daina aiki.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, sunana Rahina. A Birni nake, nan Damagaram, gidanmu na bayan manyan duwatsun nan. Babana Malam Sulaiman baduku ne, jaka da takalmi da matashin fata yake ɗinkawa a zaure. Bara na gama jami'a, ilimin taswira na karanta, aiki dai har yanzu shiru. Abdulaziz kuwa shi ne wanda iyayensa suka kawo gaisuwa gidanmu bayan ƙaramar salla, ɗan Alhaji Mai Nasara na Zango. An ce in an gama kaka a sa rana.

Wasa ne ya haɗa mu. Irin wasan nan na waya da mutum ke zaɓar ko shi wane ne, mayaƙi ko farke ko mai magani, ya shiga wata duniya ta ƙirƙira yana yawo, yana cika aikin da aka ɗora masa. Shi da abokinsa Mahamud suke ƙera shi a wani ɗan ɗaki a Sabon Gari, ordinata biyu, wato kwamfuta, da fanka ɗaya mai kuka kamar tsohuwar akuya. Sun iya lissafin na'ura, zane ne ba su iya ba. Ni na zana musu duniyar.

Dauloli biyu na yi. Daular Ƙarfe a arewa, mayaƙanta na hawan raƙuma masu fukafukai. Daular Shuni a kudu, birninta a bayan wani ƙaton kunkuru yake. A tsakaninsu na ajiye 'Yan Kwari, mutanen farko, waɗanda suke wurin tun ba a san sarauta ba. Ba su da tuta, ba su da ganuwa. Suna kara kunne a ƙasa su ji inda ruwa yake tafiya. Iyakarsu ba layi ba ce, itatuwa ne da kaburbura da rijiyoyi.

To, ku saurare ni da kyau a nan. Ƙasar 'Yan Kwari ba daga kaina na ƙago ta ba. Kwarin gidanmu ne na Tudun Gawo, can wajen Droum, inda dangin Babana suke noma gero da gyaɗa tun kaka da kakanni. Kwana uku na yi ina bin kakata Iya Delu, tana dogara sanda tana nuna mini. Ga tsamiya mai rami. Ga layin gamba da mijinta ya dasa. Ga kabarin surukinta. Ga inda rijiyoyi uku suke, waɗanda rairayi ya binne tun Babana bai yi wayo ba, ta ukun kuwa duk garin ba wanda ya san wurinta sai ita.

Kafin in tafi Abdul ya ce mini, "Rahi, ki riƙa ɗaukar ainihin wurin da wayarki, taki-taki. In duniyar ta yi kama da gaske an fi jin daɗinta."

Na ce to. Har murna nake yi wai ya damu da aikina.

Ranar Laraba ta makon jiya, da hantsi, na gama wanke-wanke da ɗan ruwan da mai garuwa ya kawo, na zauna a gindin darbejiyar tsakar gida da ɗaurin ƙirji da tsohon hijabina ruwan toka. Na buɗe wasan. Mu arba'in da 'yan kai ne muke gwada shi kafin a sake shi ga jama'a. Ni 'Yar Kwari ce a ciki, Zainabu mai guga, aikina tono rijiya.

Na nufi gida kamar kullum, sai na ci karo da jan layi ya ratsa kwarin daga gabas zuwa yamma, miƙaƙƙe sambal kamar an sa wuƙa. Rabi ya koma launin Daular Ƙarfe, rabi na Shuni. Bukkokinmu babu. Na taka layin, rubutu ya fito: "Wannan ƙasa ba ta da mai ita. Kafa tutarka." Kafin in gama karantawa wani mayaƙi ya sauko daga raƙuminsa ya sare ni. A saman kan Zainabu, inda a da ake rubuta 'Yar Kwari, yanzu an rubuta "ɓarauniyar daji, maki goma."

Nan take na rubuta wa Abdul.

"Abdul me ya sami 'Yan Kwari?"

"Barka da hantsi gimbiya. Gyara ne kawai muka yi."

"Gyara? An mai da ni ɓarauniya a gidana."

"Wasa ne fa Rahi. Mutane yaƙi suke so da cin ƙasa. Wanda ba shi da daula ba mai zaɓensa, ke kaɗai ce da wasu mutum biyu."

"To ku bar mu mu ukun."

"Taswira ba ta son wurin da ba na kowa ba."

"Na wani ne. Namu ne."

Ya turo mini hoton dariya da zuciya ja. Ban san lokacin da na ja hijabi na fita ba. Inna tana ƙwala mini kira daga madafi, "Ke Rahina, ina za ki da wannan tsumman?" Ban juyo ba. Na tare kabu-kabu har Sabon Gari.

Na same su suna cin kwaɗon zogale a roba ɗaya. Abdul na cikin shaddarsa ruwan sararin sama, wadda nake cewa tana yi masa kyau. Ya ga fuskata ya ajiye cokali.

"A kan wannan kika taho cikin rana?"

"Wa ya ja layin?"

Mahamud ya sunkuyar da kai yana goge hannu. Abdul ya ce, "Ni na ja. Dauloli biyu dole su haɗa iyaka, in ba haka ba a ina za su yi faɗa?"

"Sai a kan kabarin kakan Babana?"

"Subhanallah. Wane kabari? Zane ne a cikin waya, Rahi."

Na ce masa Iya Delu tana da ƙanwa a wancan ƙetaren, wajen Daura, uwa ɗaya uba ɗaya. Iya takan ce kakanninsu ba su taɓa ƙaura ba, wasu ne suka zauna a inda ba a san su ba suka ja layi a takarda, aka wayi gari dangi ɗaya sun zama mutanen ƙasa biyu. Na ce saboda wannan maganar na ƙago 'Yan Kwari, don ko a cikin ƙarya a sami wuri ɗaya da layi bai shiga ba.

Ya yi murmushi ya ce, "Kin fi kyau in kina fushi."

Jama'a, kun san irin wannan maganar da ke sa mace ta ji kamar ba a ɗauke ta mutum ba? Na juya na fita. A lokacin ina zaton iyakar ɓacin ran ke nan.

Ranar Juma'a kafin a tafi masallaci sai ga Baffa Sule, ƙanen Babana, daga Tudun Gawo, a kan babur, ƙafafunsa duk taɓo. Ko ruwan da na kai masa bai taɓa ba. Ya ce a kira Inna, a kira ni. Muka zauna a zaure cikin warin jima, Baba da basilla a hannu.

"Yaya, an ci mu," in ji Baffa. "Jiya mutane suka zo da kat-kat, babbar motar shiga daji, da jometir mai awon ƙasa da abin awonsa mai ƙafa uku. Sun kafa turakun siminti cikin gero. Gero ya yi kai, Yaya, suna tattaka shi."

"Su wa?"

"Ka tuna ɗan yankin da Kassim ɗan Goggo Fanta ya sayar shekara uku da suka wuce? Takardar ta ce daga tsamiya zuwa tsohuwar rijiya. Mu duk mun san rijiyar kusa ake nufi, taki sittin. To su sun wuce ta, sun wuce ta biyu, suka je can ƙarshen kwari suka tona. Sai ga bakin rijiya ta uku, da duwatsunta. Suka ce ga tsohuwar rijiya nan, shaida ta fito. Kwarin gaba ɗaya ya shiga ciki."

Baba ya ce, "Ai ba wanda ya san wurin nan sai Iya."

Baffa ya sa hannu aljihu ya fito da wata takarda a ninke, ya shimfiɗa ta a kan fatar da Baba yake yanka. Iska ce ta ɗauke ta daga motarsu, ya tsinta a cikin gamba.

Takarda mai launi. Ga tsamiya, ga layin gamba, ga ɗigo uku shuɗɗa da lambobi a gefensu. A kusurwar sama ga raƙumi mai fukafukai. A kusurwar ƙasa ga harafin da nake sawa a duk abin da na zana.

Inna ta dafe ƙirji. "Rahina, wannan ba aljanin raƙumin nan naki ba ne?"

"Wa ke jagorantarsu?" Baba ya tambaya, bai dube ni ba.

"Yunusa. Babban ɗan Alhaji Mai Nasara. Ashe Kassim su ya sayar wa, ta hannun wani."

Yunusa yayan Abdul ne.

Wallahi da Baba ya mare ni da na ji sauƙi. Sai ya ajiye basillar a hankali, ya ninke takardar, ya ce, "Na sa ki lakkol kin yi boko don ki zame mana ido. Ashe idon na wasu ne." Ya tashi ya yi alwala ya tafi masallaci.

Baffa kuwa bai rage mini komai ba. "'Yar boko! Gida tara ke ci daga kwarin nan. Mu ba mu da takarda, Iya ce takardarmu, kin je kin kwafe ta kin miƙa wa saurayi."

Na shige ɗaki na kira Abdul. Sau shida yana katsewa. Can sai saƙo.

"Ina wurin Alhaji. Wallahi ban san Yaya Yunusa ya ɗauka ba. A ordinata ya gani."

"Da lambobin wurin? Lambobin ba sa cikin wasa, kai kaɗai na tura wa."

Ya karanta. Ya fara rubutu, ya daina. Ya sake farawa, ya daina. Har aka sauko daga masallaci ba amsa.

Asabar da safe Baba ya ce in shirya, tare za mu. Na sa baƙar atamfata da lafaya ruwan ƙasa ta Inna, ko kwalli ban sa ba. Muka shiga mota har Droum. Daga nan muka hau amalanke.

Ban taɓa ganin kwarin ya yi kyau kamar bana ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Gero ya fi mutum tsawo, gyaɗa ta rufe ƙasa. Sai turakun nan farare tas, da jan fenti a kansu, a jere kamar haƙora. Ɗaya daf da kabarin kakan Babana, saura kaɗan a ce a kansa aka kafa.

Matan gida suna sussuka a bakin rumbu. Da suka gan ni, wata ta ja 'yarta ta koma ciki. Ni da in na zo ake rige-rigen karɓar jakata.

Iya Delu ba ta gida. A bakin rijiya ta uku muka same ta, zaune a kan tulin ƙasar da aka tono, sandarta a kan cinya. Na durƙusa, na kasa ko gaisuwa.

"Rahinatu ce?"

"Ni ce, Iya."

"Matso in gan ki." Ta shafa fuskata da hannunta mai kaushi. "Kin rame. Ba sa ba ki abinci a Birni?"

Kuka ya ƙwace mini. "Iya ki yafe mini. Wallahi ban sani ba."

"Na san ba ki sani ba." Ta juya tana kallon ramin. "Shekarar da aka yi yunwa muka binne 'ya'yana biyu, da ruwan rijiyar nan aka yi musu wanka. Shi ya sa da rairayi ya cinye ta ban ce a tona ba. Ban gaya wa Sule ba, ban gaya wa ubanki ba, maza ne, bakinsu a kasuwa yake. Ke na gaya wa don kar ta ɓata in na mutu." Ta juyo ta dube ni. "Ni na faɗa miki don a tuna. Ke kuma kin rubuta, aka samu."

Baba ya juya mana baya yana share ido da hannun riga. Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar.

Mun je wurin mai gari, ya ce shi shaida ne kwarin namu ne, amma takardar Kassim da hatimi take, kuma ba ta ce wace rijiya ba. Litinin Baba da Baffa suka je wani biro, ofishin filaye, a Mirriya, aka ce su kawo tasu takardar. Suka ce tasu tana zaune a gida da sanda. Aka yi musu dariya, aka ce su shigar da ƙara, amma su sani irin wannan shari'a takan ci shekaru.

Ranar nan ta Litinin, wato jiya, ina ɗaki bayan azahar ina ninke kayan gaisuwar da Baba ya ce a haɗa a mayar, turmin atamfa uku da leshi da kwalbar humra da ko buɗe ta ban yi ba, sai saƙo daga Raudatu, ƙanwar Abdul. Yarinyar kirki ce, tun farko take ce mini Anti.

"Anti ki rufa mini asiri. Yaya Yunusa ya ba ni tsohuwar wayarsa, bai goge komai ba. Na kasa cin abinci tun da na gani."

Ta turo hoton hira tsakanin Yunusa da Abdul.

Yunusa: "Akwai jikar tsohuwar nan ta Tudun Gawo a jami'arku, taswira take karanta. Rahina. Ka nemi saninta."

Abdul: "Don me?"

Yunusa: "Tsohuwar ba ta magana da kowa. Amma za ta yi da jikarta."

Abdul: "To. Zan gwada."

Na duba kwanan watan. Disamba. Ni kuwa a Janairu ne wani saurayi mai kunya ya tsaya a kaina a ɗakin karatu, ya ce wai ya ga ina zane, ko zan taimaka masa da wata duniya da yake ginawa. Wata ashirin ina ba ku labarin wannan ranar, ina cewa haɗin Allah ne.

Ban yi kuka ba. Na zauna a bakin gado, wayar a hannuna, ina jin Inna tana daka a tsakar gida, kowane bugu kamar a ƙirjina. Ina tambayar kaina, daga ina ƙaryar ta tsaya? Ranar da na yi zazzaɓi ya yini a ƙofar gidanmu cikin rana, aiki yake? Waƙar banzan da yake yi mini a waya in ina fushi, Yunusa ne ya sa shi? Ko ya fara da ƙarya ne ya ƙare da gaskiya? In ma haka ne, me gaskiyar ta tsinana mini?

Ina nan zaune aka yi sallama bayan la'asar. Alhaji Tahiru ne, ƙanen Alhaji Mai Nasara, da dattawa biyu da ƙullin goro. Na leƙa ta labule ina jin su.

"Malam Sulaiman, abin da ya faru bai yi wa Alhaji daɗi ba. Yara ne suka yi gaggawa. Ya ce ba za a yi shari'a tsakanin surukai ba. In an ɗaura auren nan, kwarin gaba ɗaya zai sa a rubuta shi da sunan Rahina, kyauta, da takarda da hatimi. Danginku su ci gaba da nomansu kamar yadda suka saba."

"In ba a ɗaura ba fa?" in ji Baba.

Alhaji Tahiru ya gyara zaman hularsa. "To, sai dai abin da takarda ta ce. An riga an yi magana da mai tarakta, Alhamis zai shiga. Amma in an ba mu baki kafin nan, sai a dakatar."

Da suka tafi, Baffa Sule, wanda kwana uku bai amsa gaisuwata ba, shi ya shigo har tsakar gida yana kira, "Ina 'yata? Ina Rahinatu? Allah ya kawo mafita ta hannunki!" Inna ta rungume ni tana hamdala. Ta ce dama yaron nan ba shi da laifi, yayansa ne mugu. Har ta fara kwance kayan da na ninke.

Baba ne kaɗai bai yi murna ba. Ya kira ni zaure. Na durƙusa, wayar tana cikin tafin hannuna a ƙarƙashin hijabi, hoton a buɗe.

"Rahina, kin ji abin da suka zo da shi. Kyautar abin da yake naka, ba kyauta ba ce, na sani. Amma gida tara ne. Ni dai ba zan tilasta miki ba, ban taɓa ba. Abu ɗaya zan tambaye ki, ki gaya mini tsakaninki da Allah. Yaron nan, da saninsa aka yi?"

Na san Babana. In na nuna masa hoton nan, kafin magariba goron nan ya koma Zango, ko da duk Tudun Gawo za su kwana da yunwa. In na ɓoye, gero ya tsira, Iya ta mutu a ƙasarta, ni kuma in tashi kowace safiya in kai ruwan wanka ga mutumin da aka aiko ya so ni.

Baffa na tsaye a bakin ƙofa yana murza hula, idonsa a kaina kamar mai jiran hadari.

Na kife wayar a cinyata. Na ce, "Baba, a ba ni zuwa Juma'a."

"Wace Juma'a?" in ji Baffa. "Ba ki ji an ce Alhamis ba?"

Baba ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Ba ki amsa abin da na tambaye ki ba." Ya ɗauki basillarsa, ya ci gaba da ɗinki, zaren ma bai zura ba.

Ina komawa ɗaki wayar ta yi motsi. Abdul ne, bayan kwana uku.

"Gimbiya, na ji su Baffa Tahiru sun zo. Ni na roƙi Alhaji, har da kuka. Kin ga na gyara komai. Ki ce eh kawai."

Na rubuta masa, "Disamba." Kalma ɗaya. Na tura.

Ya karanta nan take. Tun jiya saman wayar ke nuna yana rubutu, ya daina, yana rubutu, ya daina.

Yau Talata, jibi Alhamis. Ɗazu Iya Delu ta aiko a gaya mini kar in yi komai saboda ita. Bayan ɗan aiken ya fita, matar Baffa ta kira ni, ba ta ce komai ba, ta dai kara wayar a bakin jaririnta ina jin numfashinsa.